Abin da littafin awo ya riga likita gani

Kowace mai ɗinki tana da littafin awo. Nawa irin na 'yan firamare ne, bangonsa duk ya sha man keke, kowace mace da shafinta: kafaɗa, ƙirji, ƙugu, hannu, tsawon riga, tsawon siket. Shafin ƙarshe nawa ne, don in yadi ya ragu nakan ɗinka wa kaina. Awon da na rubuta a watan Agustan 2022, ana saura mako biyu bikin ƙanwata, yana nan har yau: ƙugu inci 38, wuya 13. A ƙasansa akwai wani na watan Yunin 2023: ƙugu 31, wuya 14 da rabi. Tsakanin layukan nan biyu wata goma ne. A cikinsu na sha maganin taifot sau uku, na maleriya ban san iyaka ba, an yi mani ruƙiya, an yi mani hayaƙi, na kuma rasa wata mata da muka yi shekara tara muna sa hannu a kwano ɗaya. Ba mutuwa ta yi ba. Zan zo kan maganarta.

A Ƙofar Marusa cikin birnin Katsina nake aure, gidan yawa ne: sashen surukata Hajiya, sashenmu, sai na ƙanen maigidana da matarsa, wadda har yau Amarya muke ce mata ko da yake 'ya'yanta uku. Maigidana malamin makaranta ne. Ni kuma keke nake takawa a ɗan ɗakin da ke kusa da zaure, Butterfly ce tsohuwa, tun ta kayan ɗakina.

Allura ce ta fara tona asirin. Ni da nake zura zare da hasken waya in an ɗauke wuta, sai ga shi da rana tsaka ina kai zare bakin kafar allura yana kaucewa. In lashe shi, in murza, in sake kaiwa, ya sake kaucewa. Na zaci ido ne. Da na lura sai na ga idon lafiyarsa lau, yatsun ne ke wata 'yar kyarma siririya, irin ta ganyen da iska ke kaɗawa. Daga nan babbar ɗiyata ta zama mai zura mani zare. Kafin ta tafi Islamiyya sai ta zura mani allurar hannu biyar ta soke a jikin labule.

Sai hunturu ya shigo. Wanda ya san Katsina ya san sanyin Disamba da Janairu, lokacin da hazo ke sauka har hasumiyar Gobarau ta ɓace wa mai hangenta daga nesa, ƙafa ta yi faso, yara su kewaye murhu da asuba. A wannan sanyin ni da mafici nake kwana. Malam ya ja bargo har ka, ni kuwa in tashi in sauya riga don ta jiƙe da zufa. Wata safiya Hajiya ta gan ni ina wanka da ruwan randa, ta tsaya da butarta ta ruwan ɗumi tana kallona, ta ce, "Ke ɗiyar nan, mi ke cikin jikinki haka?"

Da dare kuma gabana ya yi ta dukan uku-uku alhali ba abin da ya tsorata ni. In na sa kunne a matashi sai in ji kamar ana lugude a maƙwabta. Barci ya zama na awa biyu, awa uku. Ga ci kamar gara: malmala uku ta tuwon dawa da dare, ƙarfe biyu in tashi in jiƙa garin kwaki, gari na wayewa in aika a sayo ƙosai tun kunu bai dahu ba. Duk da haka zani ya fara kwance mani. Na ƙara ɗauri, ya sake kwancewa.

Na yi abin da kowa ke yi, na je kemis ɗin bakin layi. Na ce jikina na zafi, ba ni da ƙarfi. Ya ba ni maganin maleriya na kwana uku. Da bai yi ba ya tura ni wani ɗakin gwaji, aka ɗebi jini, aka ba ni takarda an zagaye wasu lambobi da jan biro: taifot. Na sha ƙwayoyi na kwana goma. Bayan wata guda na koma, aka sake cewa taifot ɗin ne bai fita ba, aka haɗa da allurai da ƙarin ruwa leda biyu a kan benci bayan kanta. Zagaye na uku ya faɗo a watan Fabrairun 2023, lokacin da aka canza takardun naira 200 da 500 da 1,000 kuɗi suka ɓace daga hannun mutane. Malam ya wuni a layin banki ya dawo da abin da bai kai kuɗin allura biyu ba, mai kemis kuma ya ce shi taransifa ba ta shigo mashi ba. Atamfa ɗaya daga cikin akwatina na ba dillaliya.

Sai daga baya na san cewa gwajin nan da ake ce wa Widal, wani likitan Faransa ne ya ƙirƙiro shi tun 1896, kuma a ƙasa irin tamu da taifot ya zama ɗan gida, jinin mutane da yawa zai nuna alama ko da lafiyarsu ƙalau, saboda sun taɓa yi a baya ko wani zazzaɓin ya ruɗa shi. Wanda ya fi tabbas shi ne a ajiye jinin kwanaki a ga ko ƙwayar cutar za ta tsiro. A duk zuwan da na yi ba wanda ya sa mani ma'aunin zafi a hammata. Na ce jikina na zafi, aka rubuta zazzaɓi.

Amma in zan faɗi gaskiya, da nawa laifin. Kowane wuri da guntun da nake kai masa. Mai kemis na kai masa zafin jiki. Wani ƙaramin asibiti na kai masu yunwa da yawan zagayawa, suka ce olsa ce. Wata ma'aikaciyar jinya a unguwarmu na kai mata faɗuwar gaba, ta ɗaura mani abin awo ta ce jinina ya ɗan hau, in rage gishiri da magi. Kyarmar hannu ban faɗa wa kowa ba, don ina tsoron maganar ta fita a ce tela ta lalace. Al'adata da ta koma ɗigo na kwana ɗaya, ita ma kunya ta hana. Ban taɓa kawowa a raina cewa duk abu ɗaya ne ba.

Rama a garinmu ba ciwon mutum ɗaya ba ne, na unguwa ne. A gidan suna sai in ga an yi shiru in na shigo, in na juya a ci gaba. Wata ta ce suga ce. Wata ta ce basir ne mai tsiro ta ciki, ta kawo mani sassaƙe a gorar lemo. Wata ta tambayi ƙanwata ko Malam aure zai ƙara. Wadda ba a faɗi a gabana ba kuwa na san ta, don ni ma ita ke hana ni barci. Wata rana da dare na ce wa Malam mu je a gwada mu. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Kina zargina ne?" Na ce ba na zargin kowa, so nake in sani. Muka je tare a kurkura, ba mai ce wa wani uffan. Minti ashirin ɗin da muka yi a kan benci muna jiran sakamakon ƙanjamau, ban taɓa jin lokaci ya yi tsawo haka ba. Babu. Suga ma babu. Aka karɓi majina don tarin fuka, shi ma babu. A hanyar dawowa Malam ya tsaya ya saya mana tsire yana ta hamdala, ni kuwa ina ci ina hawaye. Ya ɗauka na murna ne. Rabi na murna ne, rabi kuwa na cewa yau ma an tashi ba suna. Wanda bai taɓa shiga ba zai yi mamaki, amma akwai ranar da mutum zai fi son a ce masa ga mugun ciwon da ke damunsa da a ce masa ba a ga komai ba.

Azumin shekarar ya kama ranar 23 ga Maris, cikin tsakiyar bazara. Ga mai ɗinki kuwa azumi shi ne kaka, abin da za a ci har babbar Sallah a nan ake samunsa. Na karɓi ɗinki kamar yadda na saba. Kafin azahar na jiƙe sharkaf, ƙafata in ta taka keke minti biyar sai cinyar ta mutu, in na tsuguna ɗaukar almakashi sai na dafa bango zan miƙe. Zuciya kuma ta zama a kusa. Ɗan autana ya zubar da kwalbar man keke, na yi masa dukan da har yau in na tuna sai na ji kunyar kaina. A goman ƙarshe hannuna ya goce a kan leshin wata amarya, almakashi ya shiga inda bai kamata ba. Kuɗin leshin ya cinye ribar ɗinkin Sallar gaba ɗaya, sauran kayan kuma na mayar wa masu su ba a taɓa ba, ana saura kwana shida.

Bayan Sallah ne gida ya ce wannan ba na asibiti ba ne. Ido ya fara fitowa, mutum ya dube ni ya ga kamar a razane nake kullum. Ga rashin barci, ga faɗa, ga cin da ba ya zama a jiki. Kowa ya haɗa lissafinsa ya fito daidai: iska ce.

Aka kira wani malami mai ruƙiya, kuma ina ganin girmansa har gobe. Kwana uku yana zuwa bayan la'asar yana karatu, ya ba ni ganyen magarya bakwai na wanka da man zaitun da habbatus sauda. Raina ya yi sanyi da karatun, amma ba abin da ya yi magana, ban faɗi ba, ban yi ihu ba. A rana ta uku ya ce wa Malam, "Ni ban ga alamar jinnu a nan ba. Ta riƙe azkar, amma ku koma asibiti, ku nemi babba. Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta." Ko kwabo bai ƙara nema ba.

Da mun bi maganarsa a ranar, da an huta. Sai goggon maigidana ta zo daga ƙauye ta ce malamin yaro ne, bai san aiki ba. Ta ɗauke ni zuwa wajen wata mata a wani ƙauye ta hanyar Mani. Ɗaki ne mai duhu, warin hayaƙi ya kama komai. Matar ta riƙe hannuna, ta ji yana rawa, ta girgiza kai. Ta ce jifa ce, kuma ba daga nesa ba, daga cikin gida. Mace ce, doguwa, wankan tarwaɗa, kuna haɗa madafi, ta ciki aka ba ki. Yanzu in na tuna sai in ga wannan siffar ta rabin matan Katsina ce. A ranar kuwa fuska ɗaya kawai na gani.

Ban taɓa buɗe baki na ce Amarya ce ba. Abin da na yi ya fi haka ciwo. Ita ce duk ranar da ta yi dambu sai ta zubo mani a wani kwanon sha mai murfi, don ta san ina so, da zogale da ƙuli da mai ya ji. Ranar wata Laraba ta kawo da kanta, ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Yaya, ga ɗan dambu, ko za ki iya taɓawa." Na ce ta ajiye. Ƙamshinsa ya cika ɗakin, ga yunwa na cina, yara na kewaya shi, na hana su. Da magariba na ba ɗiyata ta mayar. Ina jin lokacin da ta ɗaga murfin a tsakar gida, ina jin lokacin da ta mayar da shi a hankali. Ba ta ce komai ba. Goggo kuwa ta riga ta faɗa wa Hajiya, Hajiya ta faɗa wa 'yarta, magana zarar bunu. Kafin wata ya ƙare ƙanen Malam ya kama haya a Dutsin Safe, suka kwashe kayansu ranar wata Asabar ina ɗaki ina jin ana fitar da gado.

Suka tashi, ciwo bai tashi ba.

Na sake zuwa wani asibitin kuɗi. Likitan bai ɗago kai sosai ba, ya duba tarin takardun gwajin da na kawo, ya ce duk lafiya lau, damuwa ce, in rage tunani, ya rubuta mani maganin barci. Ban ce ƙarya ya yi ba, damuwa kam akwai ta, wa zai shiga abin da na shiga bai damu ba? Sai dai ya ɗauki jela ya ce ita ce kai. Kuma kalmar nan "rage tunani" an fi saurin miƙa wa mace ita, kamar sadakar da ba ta cin aljihu. Na fito na tsaya bakin titi ina tunanin ko dai haukacewa nake a hankali.

Ana gab da babbar Sallah na ɗauko doguwar rigar da na ɗinka ta bikin ƙanwata, mai wuyan tsaye da maɓalli a baya, da niyyar in rage ta. Na zura, ta zubo mani kamar na ari ta wata. Na kai hannu in ɓalla maɓallin wuya, ya ƙi haɗuwa. Na ja, ya shaƙe ni. Nan na tsaya. Shekara goma sha biyu ina awon mata, ban taɓa ganin wadda ko'ina ya ragu wuya ya ƙaru ba. Na ɗauko tef na auna, na sake aunawa, na rubuta a ƙarƙashin tsohon awon. Sannan na tsaya gaban madubi na ɗaga haɓa na haɗiyi yawu, sai na ga wani ɗan tudu a gindin wuya ya hau ya sauka. Hijabi ya ɓoye shi ga kowa, har da ni.

Daren nan na buɗe sabon shafi, na rubuta komai a wuri ɗaya, kamar yadda nake rubuta awon mace daga kafaɗa zuwa ƙasa: gashi na zuba, ido, wuya, faɗuwar gaba, zufa, kyarma, ci, zagayawa sau huɗu ko biyar, al'ada, mutuwar cinya, barci, faɗa. Kowanne da watan da ya fara, iya tunawata. Ɗiyata ta riƙe waya tana duba minti ɗaya, ni ina ƙirga bugun jijiyar hannuna, safe da dare har kwana bakwai. Ina zaune ba aikin komai, bai taɓa sauka ƙasa da 110 ba. Na mai lafiya a zaune tsakanin 60 ne da 100.

Da wannan littafin na je Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda har yanzu bakinmu bai daina ce wa Medikal Santa ba. Likitar da na samu mace ce, ba za ta girme ni ba. Na ce, "Likita, ki yi haƙuri, na rubuto ne don kar in manta," ina jin kunyar bangon littafin. Ta karɓa ta karanta har ƙasa, ta koma kan layukan awon nan biyu, ta ɗago ta dube ni, ba takardun ba, ni. Ta ce in miƙe hannuwana gaba in baza yatsu. Ta yagi fallen takarda ta ɗora a bayan hannun, takardar ta kama rawa har tana ƙara. Ta taɓa tafin hannuna ta ji ɗumi da danshi. Ta ce in bi yatsanta da ido daga sama zuwa ƙasa. Sannan ta ce in cire hijabi, ta zagaya bayana ta ɗora yatsunta a gaban wuyana, ta miƙo mani ruwan leda ta ce, "Malama, kurɓi ki riƙe a baki. To, haɗiye." Duka bai fi minti goma ba. Ta ce tana da zato mai ƙarfi, amma jini ne zai tabbatar, ta rubuta gwaji uku: TSH da T4 da T3. Sun fi duk gwajin da na yi a baya tsada, amma ba su kai rabin abin da taifot ɗin da ba ni da shi ya ci ba.

Ranar da na kai sakamakon ta zana mani hoto a bayan kati. A gaban maƙogwaro akwai wata 'yar tsoka mai fiffike biyu kamar malam-buɗe-littafi, sunanta tayirod. Na ce mata irin wanda ke jikin kekena ke nan, ta yi dariya. Ita ke fitar da sinadaran nan T4 da T3 da ke tsara saurin aikin jiki: bugun zuciya, narkar da abinci, ɗumin jiki, har da hanji. Daga ƙasan ƙwaƙwalwa ake aiko mata da umarni, shi ne TSH, wanda a mai lafiya yakan zauna tsakanin 0.4 da 4 ko kusa da haka. Nawa ya yi ƙasa har na'ura ta kasa ƙirga shi, don ƙwaƙwalwa ta daɗe da daina cewa a ƙara, tsokar ce ta ƙi ji. Garkuwar jikina ce da kanta ke zuga ta. Ta ce kamar a ɗaure ƙafa a kan keke ne a yi ta takawa dare da rana, ba yadi a ƙarƙashin allura. Sunan ciwon Graves, sunan likitan ƙasar Ailan da ya bayyana shi a 1835, kuma ya fi kama mata nesa ba kusa ba, musamman masu shekaruna.

Na tambaye ta ko wani abu na ci, ko wani abu aka ba ni. Ta ce a'a. Na sake tambaya ta wata hanyar. Ta ajiye biro ta ce, "Ba wanda ya yi maki wannan." A nan ne kukan ya zo, har ta rasa dalili, tunda ta gama ce mani yana da magani.

Da na kai labari gida Hajiya ta ce ai maƙoƙo ne, sun san shi a ƙauye tun suna yara, mata da wuya kamar tulu, amma ba ya ramar da kowa. Gaskiyarta, sai dai wancan daban. Na da yawanci rashin sinadarin aidin ne a abinci ke kawo shi, kuma ya ragu sosai tun da aka wajabta sa aidin a gishirin Najeriya a 1993. Nawa ba rashi ba ne, aiki ne ya yi yawa. Goggo dai har yau tana nan a kan bakanta, wai ai jifar ce ta koma maƙoƙo.

Magani biyu aka ba ni. Propranolol, bayan ta tabbatar ba ni da asma, shi ne ya kwantar da zuciya da kyarma. Kwana na uku da fara shi na yi barci tun bayan isha'i har kiran assalatu, na farka ina lalubar lugudan nan a matashi, babu. Ɗayan carbimazole, shi ke rage aikin tsokar, kuma ba ya gaggawa, sai da aka yi wajen wata ɗaya da rabi na ji jikina ya fara zama nawa. Ta ja mani kunne a kan abu biyu. Kar in ɗauki ciki ba tare da mun yi shawara ba, don maganin na iya taɓa jariri a watannin farko, akwai wanda ake sauyawa da shi. Na biyu, in na ji zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro ko gyambo a baki, in dakatar da maganin in zo a ranar a ƙirga jinina, don a wasu mutane ƙalilan yakan karya ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta. Ta maimaita: ba kemis ba, nan. A watan Satumba zazzaɓin ya zo, da rawar sanyi, muka kwasa a guje. Jini lafiya lau. Maleriya ce, ta gaske wannan karon, an gan ta a gwaji. Ni da Malam muka yi ta dariya a kurkura kamar waɗanda aka yi wa bushara.

Wata goma sha takwas na yi ina sha, ana gwaji ana rage yawansa, aka tsayar a farkon 2025. An gaya mani tun farko cewa kusan rabin masu irinsa yakan dawo masu bayan an daina, in ya dawo kuma akwai sake magani, ko aikin tiyata, ko wani aidin na musamman da ake sha ya ƙone tsokar. Don haka ban ce na rabu da shi ba. Ina zuwa gwaji, kuma duk Juma'a nakan zauna in ƙirga bugun hannuna in rubuta. Idona na hagu bai koma daidai ba sarai. Ƙugu yanzu 39, har ya wuce inda ya baro. Zare kuwa da kaina nake zurawa.

Mata biyu sun zo mani tun daga lokacin, wai sun ji irin ciwona gare su. Ɗaya ta je aka ga ƙarancin jini ne, ɗayar har yau ana nema. Abin da na iya yi masu kawai shi ne na yaga masu fallen takarda na ce su rubuta komai, har wanda suke jin kunya.

Dutsin Safe kuwa na je tun makon da aka ba ni sakamako, da takardar a jakata. Amarya ta shimfiɗa mani tabarma, ta kawo ruwa a kofin baƙi. Na miƙa mata takardar, na yi bayanin malam-buɗe-littafi da TSH, ina ta zuba kamar ita ta tambaya. Ta duba, ta ninke, ta miƙo mani. Na ce ta yafe mani. Na so in ce ciwon ne ke sa zargi da saurin fushi, likita ma ta faɗa, amma na haɗiye, don ciwon bai kai ni ƙauyen nan ba, bai kuma mayar da kwano ba. Ta ce, "Ba komai Yaya, ya wuce. Allah ya ƙara sauƙi." Ta rako ni har bakin ƙofa. Muna gaisawa a biki da suna, ta zo gaisuwa da aka yi mana rasuwa, amma ɗinkinta wata take kai wa, shafinta a littafina yana nan da awon 2022.

Ranar Litinin da ta wuce ina kan keke sai ga babbar ɗiyarta da leda, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Mama ta ce a ɗinka mani riga da siket na saukarmu." Atamfar yarinyar ce kaɗai, ba ta uwar. Na buɗe mata sabon shafi, na auna ta, ta yi tsawo har ta kusa kamo ni. A daren na yanka, washegari na haɗa, ranar Laraba na sa aka kai. Na haɗa da dambu a kwanon sha mai murfi, da zogale da ƙuli, mai ya ji. Yau kwana huɗu, kwanon bai dawo ba tukuna.